Ƙararrawa mai gani da hasken da ido ba ya gani: yadda ake haɗa ta, da abin da ya sa rana ke ruɗa ta

Ɗauki rimot ɗin talabijin, ka buɗe kyamarar wayarka, ka saita bakin rimot ɗin a kanta, ka danna kowane maɓalli. A fuskar wayar za ka ga ɗan ƙwan da ke goshin rimot ɗin yana ƙyafƙyafta wani haske mai ruwan shunayya, amma da ka ɗago kai ka dube shi da idonka, babu komai. In kyamarar baya ta ƙi nunawa, gwada ta gaba, don wasu wayoyin an sa wa ta bayan matatar da ke tare shi.

Wannan haske shi ake kira infirared. Idon ɗan Adam yana kama haske ne mai tsawon zango daga kimanin nanomita 400 zuwa 700 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma ja ne a can ƙarshen layi. Ƙwan rimot yana fitar da nasa a wajajen nanomita 940, wato ya gota ja, ya shiga inda ido ya sallama. A shekarar 1800 William Herschel, masanin taurarin nan haifaffen Jamus da ya zauna a Ingila, ya gano shi. Ya raba hasken rana launi-launi da gilashi mai kusurwa uku, yana auna zafin kowane launi, sai ya gusa da ma'aunin gaba da ja, wurin da babu wani launi, ya tarar da zafin ya ma fi yawa a nan. Ka riƙe wannan a ranka: a cikin hasken rana aka fara gano infirared. Za mu dawo kansa, kuma ba da daɗi ba.

Dabarar ƙararrawar ba ta da wani nisa. Ƙwai ɗaya yana haska gabansa da infirared ba dare ba rana. Kusa da shi akwai ɗan ido da ke jiran hasken ya dawo. In babu komai a gaba, hasken ya tafi ke nan. In hannu ko ƙafa ko murfin akwati ya gitta, wani kaso ya bugi abin ya komo, idon ya kama, ƙararrawa ta ɗauka. Irin wannan ce ke kashe fuskar wayarka in ka kara ta a kunne, ita ce kuma ke cikin famfunan da ke zubo ruwa da ka miƙa hannu.

Yawancin masu koyo a yau da an ce a haɗa wani abu sai su nemi Arduino, ko wata ƙaramar ƙwaƙwalwa irin tata da ake rubuta wa umarni a kwamfuta. Ba na raina ta. Amma a wannan aiki hukunci ɗaya tak ake so a yanke: hasken da ya dawo ya kai mizani ko bai kai ba? Sikelin mai awo ma yana yanke irin wannan hukunci, bai kuwa taɓa shiga aji ba. Sikelinmu a nan wani ɗan ayisi ne, wato ɗan baƙin ƙulli da aka dunƙule da'irar lantarki a cikinsa, mai ƙafa takwas, LM358, wanda yake kasuwa tun shekarun 1970 kuma har gobe ba a daina ƙera shi ba. Yana da ƙofofin shiga biyu da ta fita ɗaya. In ƙarfin wutar da ke ƙafa ta 3 ya rinjayi na ƙafa ta 2, ƙafa ta 1 ta ba da wuta. In bai rinjaya ba, ta yi shiru. Iyakar saninsa ke nan. A gaskiya sikeli biyu ne a cikinsa, ɗaya kawai za mu taɓa.

Sauran kayan ba su da yawa, kuma rabinsu suna nan cikin tarkacen da ke ƙarƙashin teburin mai gyaran rediyo. Ƙwan infirared ana iya ciro shi daga mataccen rimot. Idon da ke karɓa, fotodayod, kamanninsa ɗaya da ƙwan LED, sai dai galibi baƙi ne wuluk, kuma baƙin nan ba ado ba ne, matata ce da ke tare hasken da ido ke gani ta bar infirared ya wuce. Sai rizista uku, masu rage gudun wuta, da rizista mai murɗawa ta om 10,000 irin ta ƙara sautin rediyo, da taransisto BC547, da baza, wato 'yar na'urar da ke yin kukan. A wajen baza a kula: akwai mai kuka da kanta da zarar an ba ta wuta, akwai wadda sai an kaɗa ta da wata da'irar. Ta farkon ake so. Taɓa ta da batir tun a gaban mai shago. In ta yi ƙara doguwa ita ce, in ta ce ƙas sau ɗaya ta yi shiru, mayar masa.

A ce wutarmu bolt 5 ce daga cajar waya. Ƙwan infirared yana cin kimanin bolt 1.2, kuma miliamfa 20 ta ishe shi. Ragowar bolt 3.8 dole wani ya shanye ta, in ba haka ba ƙwan ya ƙone nan take, kai kuma ba za ka sani ba tunda da ma ba ka ganin haskensa. Raba 3.8 da 0.02, ka sami om 190. Wadda aka fi samu a kasuwa sama da wannan ita ce 220, mai zane ja, ja, ruwan ƙasa. In batir mai bolt 9 ne, lissafin ya koma om 390. Doguwar ƙafar ƙwan ta bi ta rizista zuwa fozitif, gajeriyar ta tafi nagatif. Kafin ka ci gaba, ka leƙa shi ta kyamarar waya ka tabbata yana ci.

Fotodayod kuwa a juye ake sa shi, kuma a nan mafi yawan masu farawa ke tuntuɓe. Gajeriyar ƙafarsa ce ke zuwa fozitif, doguwar ta bi ta rizista mai om 10,000, mai zane ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo, ta sauka nagatif. A juye ɗin nan ƙofa ce rufaffiya: cikin duhu kusan babu abin da ke wucewa, amma da infirared ya sauka a kansa sai ya fara yoyon wuta, gwargwadon hasken gwargwadon yoyon. Yoyon ɗan mitsitsi ne, sai dai da ya bi ta rizistar sai ya zama abin aunawa. Maikuro'amfa 50 a kan om 10,000 rabin bolt ke nan. Daga mahaɗar fotodayod da rizistar nan za ka ja waya zuwa ƙafa ta 3. Rizista mai murɗawa kuma ƙafafunta na gefe su kama fozitif da nagatif, ta tsakiya ta tafi ƙafa ta 2. Ita ce dutsen awo, da ita kake cewa "daga nan zuwa sama, ka yi ihu." Ƙafa ta 8 fozitif, ta 4 nagatif. Ana fara ƙirgar ƙafafu ne daga wadda ke kusa da ɗan ɗigon da ke bayan ayisin, a sauka ta wannan gefe, a hau ta ɗayan.

Daga ƙafa ta 1 sai rizista mai om 1,000 zuwa ƙafar tsakiya ta taransisto. Shi ne makunnin da ke haɗa baƙar wayar baza da nagatif, jar wayarta kuma tana kan fozitif. Wasu kan liƙa baza kai tsaye a bakin ayisin, wani lokaci ta yi aiki. Sai dai LM358 ba ya iya fitar da cikakkiyar wutar da aka ba shi, yana rage kusan bolt ɗaya da rabi, don haka a kan bolt 5 abin da zai fito bai wuce 3.5 ba, sai ka ji baza tana kuka kamar kazar da ta sha ruwan sama. Irin wannan iyaka tana nan a ƙofofin shigarsa ma, shi ya sa ba a murɗa dutsen awon ya haura 3.5.

Saitawa: kawar da komai daga gaba, ka murɗa har baza ta fara kuka, ka dawo baya kaɗan har ta yi shiru. Miƙa tafin hannu. In komai ya zauna daidai za ta ɗauka tun hannun yana nesa da kamar kamu ɗaya ko ƙasa da haka. Masu sayar da haɗaɗɗen allonta, wanda ke zuwa da LM393 a madadin LM358, sukan rubuta santimita 2 zuwa 30, amma 30 ɗin sai da farar takarda a ɗaki mai duhu. Dalili shi ne hasken yana bazuwa a tafiya, ya sake bazuwa a dawowa. Ninka nisa sau biyu, abin da ke komowa ya faɗi zuwa rubu'i, in abin ƙarami ne ma ya fi haka faɗuwa. In kuma ta ƙi yin shiru ko da babu kowa, hasken ƙwan ne ke satar hanya ta gefe yana shiga idon. Yanko bututun baƙin biro ka zura kowannensu a ciki, ko ka naɗe su da baƙin salatif ka bar baki kawai.

Akwai wani abin da ya kamata a faɗa da wuri: wannan na'ura ba nisa take aunawa ba, yawan hasken da ya dawo take aunawa. Farar riga daga nesa da baƙin abu daga kusa duk ɗaya ne a wurinta. Robar taya tana shanye hasken kusan duka, sai ta zo dab kafin a ji motsi. Abin mamakin shi ne ba kowane baƙi ne baƙi a idon infirared ba. Yadudduka da yawa da aka rina baƙi suna mayar da shi sarai, don rinin yana shanye hasken da muke gani ne kawai. Madubi kuwa in ya ɗan karkata sai ya cilla hasken wani gefe, na'urar ta rantse babu kowa.

Ta farko da na haɗa, a kan tebur cikin dare na gwada ta, ta yi aiki har na fara jin kaina. Na ɗaure ta a ƙofar zaure, ƙofar kuma gabas take kallo. Aka kwana lafiya, aka fita sallar asuba tana gaishe da kowa. Wajen ƙarfe bakwai, hantsi bai ma gama ɗagawa ba, sai ta ɓarke da kuka babu ƙaƙƙautawa, babu mutum babu akuya. Yara suka fito da gudu, wani maƙwabci ya leƙo da sanda. Na murɗa dutsen awo har ta yi shiru, na miƙa hannu, ko gezau. Da yamma da rana ta juya, sai ta zama kurma gaba ɗaya. Sai da na cire ta na sa mitar auna wuta a ƙafa ta 3 sannan na ga abin da ke faruwa: a inuwa allurar tana ƙasa, da na fito tsakar gida ta haye har ƙarshe.

Kusan rabin ƙarfin hasken rana da ke isowa ƙasa infirared ne. Ɗan ƙwanmu mai miliamfa 20 a gabansa kamar ashana ce a bakin gobarar daji. Fotodayod bai san wannan hasken namu ne wancan na rana ne ba, duk wanda ya zo yoyo zai yi. Tsohon ƙwan lantarki mai zare, fitilar kananzir, garwashin mai shayi, duk suna zubo infirared. Saboda haka wannan da'ira mai sauƙi wurinta cikin ɗaki ne, inda haske ba ya yawan sauyawa: cikin aljihun teburin da ake ajiye ciniki, bayan ƙofar kabad, bakin akwatin kayan aiki. A irin waɗannan wurare ba ta da laifi.

Ko a ɗakin ma akwai gyara biyu da take bukata. Na farko, in abu ya tsaya daidai kan iyaka, sikelin yana rawa, baza ta riƙa kakkatsewa kamar mai shaƙuwa. Maganinsa babbar rizista, kamar om miliyan ɗaya, daga ƙafa ta 1 ta komo ƙafa ta 3. Da zarar ayisin ya ce "e", sai ya ɗan ƙara wa gefen da ya rinjaya nauyi, yadda ba zai sauya magana ba sai abin ya ja baya sosai. In ratar ta yi kaɗan a rage rizistar.

Na biyu ya fi muhimmanci. Ɓarawo ba ya tsayawa a gaban na'ura yana jiran ta gama kuka. Wucewa zai yi, ta ce ƙit, shi ke nan, mai barci ko juyi bai yi ba. Ana bukatar abin da zai riƙe kukan. A nan ayisi mai lamba 555 ke shigowa, wanda Hans Camenzind ya tsara wa kamfanin Signetics, ya fito kasuwa a 1972. In aka ja ƙafarsa ta 2 ƙasa da sulusin wutar da yake ci, ko na ƙyaftawar ido ne, ƙafa ta 3 za ta ba da wuta na wani lokaci da kai ka yanka masa. Lokacin shi ne 1.1 sau rizista sau kafasita, wato 'yar ma'ajiyar wutar da ke cika a hankali. Om 100,000 da maikurofarad 100 sun ba da daƙiƙa 11. In ka sa maikurofarad 47, daƙiƙa biyar da 'yan kai. Rizistar tana tasowa daga fozitif zuwa ƙafa ta 6 da ta 7 a haɗe, kafasitar daga nan zuwa nagatif, ta 4 da ta 8 a fozitif, ta 1 a nagatif. Tunda shi da faɗuwar wuta ake tashinsa, sai a musanya wayoyin ƙafa ta 2 da ta 3 na LM358, yadda bakinsa, wanda yanzu ke zuwa ƙafa ta 2 ta 555, zai faɗi in an ga abu. Rizistar hana rawar nan tana nan a ƙafa ta 3 ta LM358 ba ta motsa ba, sai dai yanzu tare take da dutsen awo.

To, rana fa? Tunda ba za mu fi ta ƙarfi ba, sai mu bambanta da ita a salo. A tsakiyar hayaniyar kasuwa kana iya tsinto kiɗan kalangu daga nesa, don hayaniya ba ta da tsari, shi kuwa yana da shi. Abin da masu ƙera rimot suka yi ke nan. Ƙwansu ba ya ci a tsaye, yana kunnuwa yana mutuwa sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma a cikin talabijin akwai ɗan ido mai ƙafa uku da ba ya sauraron komai sai mai wannan bugu. Hasken rana a miƙe yake, ba ya ƙyaftawa. Ƙwan lantarki a wutar da ke juyawa sau 50, irin ta Najeriya da Nijar, sau 100 yake rawa a daƙiƙa. Duk ba su kusanci 38,000 ba. Wannan ido shi ne dangin TSOP na kamfanin Vishay, irin su TSOP1738 da TSOP38238, kuma kusan kowace matacciyar dikoda ko na'urar faifai tana da irinsa a bayan baƙin gilashin gabanta. A cikinsa an riga an haɗa fotodayod da amfilifaya da matata. In ya ji bugun sai bakinsa ya faɗi ƙasa, abin da 555 mai riƙe kuka ke jira ke nan, don haka LM358 ma ya tashi daga aiki.

Bugun kuma wani 555 ɗin ne zai samar da shi, a tsarin da yake kunna kansa yana kashewa. Lissafinsa 1.44 a raba da jimillar rizista ta farko da ninki biyu na ta biyu, sau kafasita. Da kafasita mai nanofarad ɗaya, wadda aka rubuta wa 102 a jiki, da om 1,000 a farko, ta biyun tana bukatar kimanin om 18,400. Babu mai sayar maka da wannan, sai ka sa mai murɗawa ta 20,000 ka lallaɓa har ka sami inda nisan ya fi tsawo.

Sai dai da sauran rina a kaba, kuma wannan ce ke sa mutane da yawa su yi zaton kayansu jabu ne. An ƙera TSOP don rimot, rimot kuwa magana yake yi guntu-guntu yana hutawa. In bugun 38,000 ya zo masa babu yankewa, bayan ɗan lokaci sai ya ɗauke shi a matsayin hayaniya, ya rage jinsa da kansa. Za ka ga na'urar ta amsa da farko, sannan ta yi biris da kai kana tsaye a gabanta. Mafita ita ce 555 na uku mai tafiya a hankali, wanda zai riƙa buɗe na biyun yana rufewa ta ƙafarsa ta 4, a sami guntun bugu, a sami hutu, hutun ya fi bugun tsawo. Ayisi mai lamba 556 biyu ne a gida ɗaya, yana rage tarkace. Ko kuma a nemi TSSP4038, wanda kamfanin ya yi musamman don haske marar yankewa. Abu biyu kuma: jerin ƙafafun TSOP1738 ya saɓa da na TSOP38238, a duba takardar bayanin kowanne kafin a sa dalma, sannan bolt 5 suke so, in batirinka 9 ne ko 12 sai an bi ta 7805, ɗan ayisin da ke sauke wuta zuwa bolt 5. Rizista mai om 100 da kafasita mai maikurofarad 4.7 a bakin wutarsa suna hana shi firgita da hayaniyar 555. Jinsa yana da kaifi ƙwarai, har hasken da ke fita ta bayan ƙwan yana kamawa, don haka bututun biro a nan wajibi ne. Da wannan tsari nisan yana iya kaiwa mita guda ko kusa, kuma hantsi ba ya tayar da ita, ko da yake rana in ta daki idon kai tsaye tana rage masa ji. A yi masa 'yar rumfa.

Maganar wuta kuma kada a yaudari kai. Batir mai bolt 9 na yau da kullum, abin da ke cikinsa kimanin miliamfa 500 ne na awa ɗaya. Da'irar farko tana jan sama da 20 ko da babu kowa, wato kwana ɗaya ya yi ƙasa. Cajar waya ta fi, sai dai in an ɗauke wuta an ɗauke mai gadi. Fawabank yana maganin wannan, amma da yawansu suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, suna zaton an cire waya. Ƙaramin batirin sola mai bolt 12 da 7805 ya fi kwanciyar hankali. In jiniya babba ake so, BC547 ba zai ɗauke ta ba, iyakarsa miliamfa 100. Sai ya tayar da rile, makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa don ya kunna babba, a gitta dayod 1N4007 a juye a kan naɗin rilen don kada wutar da ke komowa ta kashe taransiston. Wutar gida kuwa, mai koyo ya bar ta inda take.

Kada a haɗa wannan na'ura da farin ƙoƙon nan da ke kan fitilun tsaro masu kunna kansu. Shi ba ya fitar da haske ko kaɗan, ɗumin jikin mutum yake saurare, a zango mai tsawon kusan nanomita 10,000, kuma motsi yake kamawa. Don tsakar gida mai faɗi shi ya fi dacewa.

Ƙofar zauren nan tawa, daga baya raba su na yi. Ƙwan a dogarin hagu, idon a na dama, suna kallon juna, ƙararrawa ta koma tashi in an yanke hasken a maimakon in ya dawo. Hakan yana bukatar taransisto ɗaya da kafasita a bakin TSOP don a juya hukuncin, amma launin riga ya daina shiga maganar, nisan kuma ya ishi kowace ƙofa. Da farko na sa su a tsayin gwiwa, awaki suka hana mu barci kwana biyu, na ɗaga su zuwa ƙugu. Da hunturu ya shigo sai ta fara kukan banza da tsakar dare, na kwance rabin da'irar ina neman laifi, ashe ƙura ce ta toshe bakin bututun. Yanzu duk Juma'a nakan bi su da tsinken auduga.